Me za mu yi da ruwa mai digiri 54?

Duk lokacin da babban layin wutar lantarki na ƙasa ya faɗi, ko kuɗin man janareta ya ƙara tashi, sai ka ga wata tsohuwar magana ta dawo Facebook da guruf-guruf na WhatsApp: ai Allah ya hore mana maɓuɓɓugan ruwan zafi, Kenya da irinsu take samun wuta, mu me muke jira? A manna hoton Wikki, a ɗan taɓa gwamnati, a tura.

Rabin maganar gaskiya ne. Kenya tana samun kaso mai tsoka na lantarkinta daga zafin ƙarƙashin ƙasa, tun 1981 da aka kunna tashar farko a Olkaria. Sai dai rijiyoyin Olkaria suna kan tsagin da nahiyar Afirka ke rabewa ne, a yankin duwatsu masu aman wuta, kuma ruwan da ke can ƙasa ya haura digiri 200, da ya fito sai ya zama tururi mai iya juya inji. Namu fa? Wikki da ke Yankari kimanin digiri 31 ne. Ikogosi a jihar Ekiti kimanin 37. Rafin Rewa da ke yankin Lere a jihar Kaduna kimanin 42. Waɗanda suka fi zafi, wato Akiri a jihar Nasarawa da Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa, suna wajen digiri 54. Ko mai shayi ba zai karɓi wannan ruwan ya zuba maka a kofi ba.

Irin wannan shi masana ke kira zafin ƙasa mai ƙarancin digiri, yawanci duk abin da bai kai 150 ba. Jami'o'i a ƙasashe da dama sun shafe shekara hamsin zuwa sittin suna binciken abin da za a yi da shi. Na zauna na bi kaɗan daga cikin ayyukan nasu, kuma abin da na fito da shi shi ne: mu daina jiran lantarki daga wannan ruwan, kuma jami'o'inmu su karkata binciken zuwa ga ayyukan da ɗumi zai iya yi kai tsaye, musamman sanyaya wuri, wanda shi ne ainihin ciwonmu.

Lissafin da ba ya karɓar cin hanci

A 1824 wani injiniyan Faransa mai suna Sadi Carnot ya nuna cewa duk injin da ke mayar da zafi ya zama motsi yana da iyakar da ba zai taɓa tsallakewa ba. Iyakar ta dogara ne da tazarar da ke tsakanin ɓangaren zafi da ɓangaren sanyi. Buɗe kalkuletar wayarka mu gwada tare. Ka ƙara 273 a kan kowane digiri, ka cire ƙaramin daga babban, ka raba abin da ya rage da babban.

Ruwan Lamurde 54 ne, ya zama 327. Iskar da za ta sanyaya injin, a ce 35, ta zama 308. Tazarar 19 ce. Raba 19 da 327, za ka samu ƙasa da kashi 6 cikin ɗari. Wannan fa injin da ba shi da aibi ko ɗaya ke nan, irin wanda ba a taɓa ƙerawa ba. Na gaske, in an yi sa'a, ya ba ka kashi 2 ko 3.

Wani zai ce ai an yi a Alaska. Ƙwarai an yi. A wani wurin shaƙatawa mai suna Chena, kimanin kilomita 100 daga birnin Fairbanks, an kafa tashar kilowat 400 a 2006 da ruwa mai digiri 74 kacal, kuma ta yi suna a duniya saboda ƙarancin zafin da take aiki da shi. Dabarar tana da ban sha'awa: ruwan ɗumin ba ya taɓa injin, yana tafasa wani sinadari ne mai saurin tafasa, R134a, wanda duk mai gyaran firji a Sabon Gari ya san shi. Tururin sinadarin ne ke juya injin, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake. Kusan na'urar sanyaya gini ce aka juya ta baya. To amma sirrin Chena yana ɓangaren sanyin. Ruwan da suke sanyaya injin da shi bai wuce digiri 4 ko 5 ba. Ka sa 74 da 4 a lissafin nan na sama, za ka ga iyakar ta kai kashi 20, su kuma suna samun kimanin kashi 8. Mu ba mu da ƙoramar da ta kusa daskarewa a Lamurde. Zafin garinmu da muke kuka da shi, shi ne kuma yake cinye ribar injin.

Yanzu mu ƙaddara wata maɓuɓɓuga tana fitar da lita 10 a daƙiƙa, muka ɗebi ɗuminta daga digiri 54 zuwa 40. Kowace lita idan ta sauka da digiri ɗaya tana sakin kimanin kilojul 4.2. Goma sau 4.2 sau 14, kusan kilowat 590 ke nan na zafi, dare da rana, ba hutu. Idan ka matsa sai ka mayar da shi lantarki, da kyar ka samu kilowat 12, kuma famfo da fankokin tashar su ma daga ciki za su ci. Amma idan ka bar shi a matsayin zafi, a kwana ɗaya ya haura kilowat-awa 14,000. Litar dizal ɗaya idan an ƙona ta tana ba da kimanin kilowat-awa 10 na zafi. Ke nan ɗumin da za ka samu daga lita 1,400 na dizal kullum, kyauta, yana malala cikin daji. Wannan lambar ce ta sa na ce kada a raina ruwan.

Abin da jami'o'in waje suka yi da nasu

Wurin da ya fi burge ni shi ne Oregon Institute of Technology da ke garin Klamath Falls a Amurka. Tun 1964 suke ɗumama gine-ginen makarantar da ruwan rijiyoyinsu mai kusan digiri 90. A 1975 suka buɗe wata cibiya, Geo-Heat Center, wadda aikinta shi ne tattara bayanai da ba mutane shawara kan amfani da ɗumin kai tsaye: gidan gona na gilashi, kiwon kifi, busar da amfanin gona, narkar da ƙanƙara a kan titi. Shekaru da dama suna fitar da wata ƙaramar mujalla mai cike da zane da lissafi da kuɗin da aka kashe, har da abin da ya lalace da dalilin lalacewarsa. Ka lura da jerin shekarun: sai a 2010 suka kafa ƙaramar tashar lantarki ta kilowat 280. Shekara arba'in da shida suna cin moriyar ɗumin kafin su taɓa batun wuta, alhali ruwansu ya fi namu zafi nesa ba kusa ba.

Tushen wannan tunani wani zane ne da injiniyan Aisilan, Baldur Lindal, ya fitar a 1973. Ya jera digiri daga ƙasa zuwa sama, a gaban kowanne ya rubuta aikin da ya dace da shi. Wajen 20 zuwa 30, kiwon kifi da ƙyanƙyasarsu. Sama kaɗan, wurin wanka da ɗumama ƙasar shuka. Wajen 60 zuwa 80, gidan gilashi da ɗumama ɗakuna da na'urar sanyi. Daga 90 zuwa sama, busar da kifi da kayan lambu, har a kai inda lantarki ke fara riba. Darasin zanen shi ne ruwa ɗaya zai iya yin aiki uku ko huɗu a jere: ya fara da mai buƙatar zafi sosai, abin da ya rage ya wuce ga na gaba, har ya huce. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan tsarin, fitowar wani aiki ita ce shigar na gaba.

Aisilan ɗin kanta tana ɗumama kusan gida tara cikin goma da wannan ruwan. Ga kuma inda abin ya shafe mu: busassun kawunan kifin nan da ake shigowa da su Najeriya, waɗanda ake sayarwa a manyan kasuwanni ana zubawa a miya, da yawansu daga Aisilan suke, kuma da ɗumin ƙarƙashin ƙasa ake busar da su. Masu binciken abinci na ƙasar, irin su Sigurjon Arason na Jami'ar Aisilan, sun yi shekaru suna daidaita zafin iska da damshinta domin kifin ya bushe ba tare da ya lalace ba, kuma iskar da ake hurawa ba ta wuce digiri ashirin da 'yan kai. Wato akwai 'yan Najeriya da suka daɗe suna biyan kuɗin wannan fasahar da dalarsu ba tare da sun sani ba.

A arewacin Girka, kusa da garin Xanthi, tun 2001 ake busar da tumatir da ruwa mai digiri 59, aikin da wani malamin jami'a, Nikolaos Andritsos, da abokan aikinsa suka rubuta bayaninsa dalla-dalla. Digiri biyar ne kawai tsakaninsa da Lamurde. Ruwan yana bi ta cikin bututu, fanka na hura iska ta kansa, iskar mai ɗumi ta ratsa trelolin yankakken tumatir. Ba ƙura, ba ƙuda, kuma launin tumatir ɗin ba ya baƙi.

Akwai manyan ayyuka kuma. Jami'ar Cornell ta haƙa rijiyar gwaji mai zurfin kusan kilomita 3 a 2022 don ta ga ko zafin duwatsun da ke ƙarƙashinta zai ɗumama makarantar. Jami'ar fasaha ta Delft a Holan ta haƙa nata a 2023, sama da kilomita 2, inda ruwan ya kusa digiri 80, ta kuma cika rijiyar da na'urorin awo don ɗalibai su riƙa nazari. Waɗannan ba namu ba ne, kuma ina fata kada wani ya kwaso su ya ce mu kwaikwaya. A matsakaici zafin ƙasa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita, haƙa irin wannan zurfin kuma miliyoyin daloli ne. Su suna da hunturun da ke kashe mutum a ɗaki idan ba a ɗumama shi ba, don haka kuɗin na dawowa. Mu wa zai biya a ɗumama masa ɗaki a Sakkwato?

Inda nake da ja da malamanmu

Ni ban yi jami'a ba, daga sakandare na kama koyon rubuta manhaja a waya da wata tsohuwar kwamfuta, don haka da ladabi nake faɗin wannan. Akwai aikin ƙwarai da aka yi a gida. A sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Krzysztof Schoeneich da Ewa Kurowska sun tattara bayanan maɓuɓɓugai da na rijiyoyin mai da na ruwa, suka gabatar da taswirar zafin ƙarƙashin Najeriya a taron duniya na masana wannan fanni a 2010. Su da abokan aikinsu na Zariya ne kuma suka kai Rafin Rewa cikin rubutun kimiyya. Wannan tushe ne mai kyau.

Amma ka shiga Google Scholar ka nemi binciken zafin ƙasa a Najeriya. Abin da zai cika maka fuskar waya iri ɗaya ne: an ɗauko bayanan maganaɗisu da aka auna daga jirgin sama, waɗanda hukumar binciken ma'adanai ta ƙasa ke sayarwa, an zuba su a manhaja, an ƙiyasta zurfin da duwatsu ke rasa maganaɗisunsu saboda zafi, wajen digiri 580, sannan a rufe da cewa yankin yana da alamar makamashi kuma ya kamata a ƙara bincike. A canja sunan yanki, a sake. Ba na cewa hanyar ƙarya ce. Tana nuna inda ɓawon ƙasa ya fi ɗumi a faɗin yanki. Sai dai zurfin da take magana a kai kilomita goma ne zuwa sama, kuma ba za ta gaya wa mai gonar kifi a Numan ko akwai ruwan ɗumi a mita 300 ƙarƙashin gonarsa ba, balle lita nawa zai samu, balle abin da ke narke a cikinsa.

Na fahimci dalilin. Wannan binciken a kan tebur ake yin sa, ba ya buƙatar mota ko mai ko zuwa dajin da babu tsaro, kuma yana fitar da takardar da za a ƙirga a ƙarin girma. Malamin da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, ba zan zarge shi ba don bai haƙa rijiya da aljihunsa ba. To amma tsarin da ke ba da lada a kan yawan takardu ya sa muna da tarin taswirori, ga maɓuɓɓugan kuma suna nan kamar yadda kakanninmu suka bar su. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga irin tambayoyin da zan so in ga ɗalibin digiri na biyu ya ɗauka. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa ne a wajen digiri 37 da rabi zuwa 38, kwana 21 ba tare da ɗumin ya yanke ba. Duk mai injin ƙyanƙyasa ya san abin da ɗauke wuta na dare ɗaya ke yi masa. Rafin Rewa digiri 42 ne, ba ya ɗaukewa. Wa ya taɓa zagaya bututu cikin akwati ya gwada? Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suna shan wahala da hunturu saboda ruwa na sanyi, ƙwai ba ya fashewa da kyau, 'ya'yan ba sa cin abinci, alhali tarwaɗa da karfasa sun fi son ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Ruwan ɗumi kaɗan ya isa ya gyara wannan. Madara tana buƙatar digiri 63 na tsawon minti 30 kafin ƙwayoyin cutar cikinta su mutu. Lamurde ba zai kai ta can shi kaɗai ba, amma zai ɗauke mafi yawan hawan, gas ko hasken rana ya ƙarasa digiri goman da suka rage, a yankin da shanu suke da yawa. Kenya ta gwada irin wannan a Menengai, inda kamfanin gwamnatinta na haƙar zafin ƙasa ya jera injin tsabtace madara, gidan gilashi, tafkin kifi da wurin wanki a kan ruwa ɗaya.

Dole kuma a auna abin da ke cikin ruwan. Yankin Awe da Keana, inda Akiri take, tun zamanin da an san shi da gishiri, ruwa mai gishiri kuma yana cin ƙarfe yana toshe bututu. Shi ya sa a yawancin wurare ba a sa ruwan maɓuɓɓuga kai tsaye cikin na'ura, ana ɗebe ɗuminsa ne ta bangon ƙarfe zuwa wani ruwan mai tsabta. Wikki kuwa a bar ta yadda take, a gandun namun daji take, kuma masu zuwa wanka sun riga sun sama mata aikin da ya fi dacewa da digiri 31. Haka Tafadek da ke arewa da Agadas, inda mutane ke zuwa neman sauƙin ciwon jiki.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawo mini, kuma na yarda da yawancinta. Muna da rana. Mai kauɗar tumatir a Kadawa ba ya buƙatar maɓuɓɓuga, na'urar busarwa mai amfani da hasken rana ta fi arha, kuma za a iya kai ta ko'ina. Maɓuɓɓugan nan 'yan kaɗan ne, ba a inda tumatir yake suke ba, kuma ruwan ɗumi ba ya tafiya mai nisa bai huce ba. Don haka wannan ba shiri ba ne na ceto ƙasa, na garuruwa ƙalilan ne. Abin da ruwan ya fi rana da shi ɗaya ne tak: ba ya faɗuwa da magariba, kuma ba ruwansa da hadarin Agusta ko hazon Janairu. Aikin da ba ya jure yankewa, kamar ƙwai da 'ya'yan kifi, nan ne yake da riba.

Sanyin da ke ƙarƙashin ƙafarmu

Wannan ɓangaren shi ya fi shafar kowa, kuma ba ya buƙatar maɓuɓɓuga ko ɗaya. Duk wanda ya taɓa jan guga da asubar hunturu ya san ruwan rijiya yana fitowa da ɗumi, a watan Afrilu kuma ruwan rijiyar nan ɗin dai yana da sanyi. Ruwan bai canja ba. Daga 'yan mitoci kaɗan zuwa ƙasa, zafin ƙasa kusan tsaye yake duk shekara, kusa da matsakaicin zafin garin. A yawancin arewa wannan yana wajen digiri 28 zuwa 30. Da rana tsaka a Maiduguri ko Sakkwato lokacin bazara iska na haura 42. Tazarar digiri goma sha ke nan, a ƙarƙashin kowane gida.

A Wagadugu, masu bincike a makarantar injiniyoyi ta 2iE sun binne bututu mai tsawon mita 25 a zurfin mita ɗaya da rabi, suka hura iskar waje ta ciki da fanka. Iskar ta fito ta sauka da sama da digiri 7. Yanayin Wagadugu kusan irin na Katsina ne ko Maraɗi. Ba sanyin esi ba ne, amma tsakanin ɗaki mai digiri 40 da mai 32 akwai bambancin barci da rashinsa, kuma fanka ɗaya ƙaramin sola zai ja ta.

Mataki na gaba shi ne esin da ke zubar da zafinsa cikin ƙasa maimakon cikin iska. Esin gidanku yana fama ne ya tura zafin ɗaki zuwa cikin iskar waje mai digiri 42, shi ya sa yake zuƙar wuta a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Idan ka ba shi ruwa mai digiri 30 da ke zagayawa cikin bututun da aka binne, aikin ya yi masa sauƙi, wutar da zai ci ta ragu. Jami'ar Ball State a jihar Indiana ta haƙa ramuka sama da 3,000 don irin wannan tsarin, tana ɗumama gine-gine 47 tana kuma sanyaya su, har ta kashe tukwanen gawayinta a 2014. Amma akwai tarko a nan wanda dole a bincika a ƙasarmu, ba a kwafa ba. A Indiana zafin da suka tura ƙasa da bazara suna ɗebe shi da hunturu, ƙasar na hutawa. Mu kusan duk shekara turawa za mu yi. A hankali ƙasar da ke kewaye da bututun za ta ɗumama, ribar ta riƙa raguwa. Da wane sauri? Ya danganta da irin ƙasar, yashi ce ko laka ko dutse, da kuma ko akwai ruwan da ke gudana a ƙasa yana kwashe zafin. Wannan amsar ba ta cikin littafin Bature, sai an binne bututu a Kano da Damaturu an auna shekara biyu ko uku.

Ka tuna da batir ma. Batirin gubar da yawancinmu ke haɗawa da inbata, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin rayuwa. Shi ya sa batirin da aka ce zai yi shekara biyar yake mutuwa a biyu a ɗakin da aka rufe da kwano. Turakun sadarwar da wayarka ke kamawa su ma suna ƙona dizal, wani ɓangarensa don sanyaya kayan ciki ne kawai, kuma a kuɗin data kake biya. Masu sa fitilun titi na sola da suke binne akwatin batir a ƙasa sun riga sun taɓa wannan dabarar, ko da ɓarayi ne suka fi sa su yin haka.

Kuma zafi da kansa yana iya haifar da sanyi. Iyayenmu sun san firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara, ba ya da kwamfireso, 'yar wuta ce ke ci a ƙasa. A Chena da irin wannan tsarin suke riƙe wani gidan tarihi da aka gina da ƙanƙara duk shekara, ruwan nan mai digiri 74 ne ke tuƙa shi. Digiri 54 ya yi kaɗan ga yawancin irin waɗannan na'urori, amma tsofaffin rijiyoyin neman mai sama da ashirin da aka haƙa a yankin tafkin Chadi sun kai zurfin da zafin ya wuce haka sosai, kuma an rubuta zafin ƙasansu lokacin haƙar. Waɗannan bayanan ya kamata su kasance a buɗe ga kowane ɗalibi.

Rabonmu a ciki

Abin da ya fi ƙaranci a wannan fannin a wajenmu shi ne awo, awo kuma yanzu ya yi arha. Akwai ƙaramin ma'aunin zafi mai suna DS18B20, mai shiga ruwa, yana auna daga ƙasa da sifili har digiri 125, kuskurensa bai wuce rabin digiri ba a zangon da muke buƙata. Za ka iya jera da yawa a kan waya ɗaya, kowanne da lambarsa. Ka haɗa su da allon ESP32, ƙaramin batir da fanel ɗin sola, ka binne su a zurfin rabin mita, mita ɗaya, biyu, uku, ka sa su tura karatu duk minti talatin. Kuɗin kayan duka bai kai na waya mai matsakaicin farashi ba. Lambar da za ta tafiyar da shi ba ta kai layi ɗari ba.

Masu haƙar burtsatse kuma suna haƙa sababbi kullum a kowace unguwa, ba mai auna zafin ruwan da ya fito. Manhaja mai sauƙi da za ta karɓi wuri, zurfi, zafin ruwa da yawan fitarsa, aikin mako biyu ne ga wanda ya iya. Idan aka samu rijiya dubu biyu a cikinta, duk inda ruwa ya fi na maƙwabta ɗumi da digiri biyar zai fito a taswira da kansa. Manhajojin lissafin ma a buɗe suke a GitHub, da harshen Python: GEOPHIRES, wadda ta samo asali daga binciken da aka yi a Cornell, tana ƙiyasta kuɗi da ribar aikin zafin ƙasa, pygfunction kuma daga Montreal tana lissafa yadda ƙasa ke ɗumama a kewayen bututun da aka binne.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da cewa mu kaɗai za mu iya. Mai manhaja zai tara lambobi, amma sai masanin ƙasa ya gaya masa ko ɗumin daga zurfi yake tasowa ko kuwa tankin da rana ta daka ne aka auna, kuma sai an gwada kowane ma'auni da na ɗakin gwaji kafin a binne shi, in ba haka ba shara za mu tara. Abin da nake roƙon sassan nazarin ƙasa da na injiniya a Zariya, Kano, Bauchi, Yola da Maiduguri shi ne su rubuta ƙa'idar awon a shafi biyu, su ware fili mita goma a bayan sashe a binne bututu, su kuma yarda a sa sakamakon a intanet yadda kowa zai sauke. Haɗa allon da rubuta lambar, akwai yara a cibiyoyin fasaha na Kano da Kaduna da Jos da za su gama shi kafin hutun zango.